Abin da Hannun Ezekiel Ke Faɗa

Malam Ɗahiru ya ji labarin ciwon Ezekiel ne a makare, wata biyu cur bayan an sallamo shi daga asibiti. Wani tsohon abokin aikinsu, Abdulmalik, shi ya tare shi a kasuwar Kakuri, ya kai baki kunnensa na dama, wanda ya ɗan fi ji, ya ce masa Zikel fa ya kwanta. Ɓarin jiki ya shanye karo na biyu, wannan karon har da baki. Likitoci sun ce zuciyar ma ta gaji, a mai da shi gida a lallaɓa shi har lokacinsa ya yi.

Ɗahiru bai koma rumfarsa ta gyaran keken ɗinki a Makera ba. Ya sayi ayaba, ya tari Keke Napep, ya nufi bayan layin dogo.

Shekara ashirin da shida suka yi shi da Ezekiel a ɗakin saƙa ɗaya, a masaƙar da yanzu ciyawa ta rufe ƙofarta. Wasu shekarun layinsu na maƙwabtaka, wasu shekarun kuma ɗaya ke karɓar ɗaya in an busa jiniya. Wanda bai taɓa shiga ɗakin nan ba ba zai gane ba ko an kwatanta masa. Injuna ɗari huɗu na buga ƙoshiya a lokaci guda, mutum zai tsaya a gabanka ya ƙwala kira, bakinsa kawai za ka ga yana motsi. Can Ɗahiru ya baro kunnuwansa.

'Yar Ezekiel ta fari ce ta tarbe shi, Hephzibah, wadda tun tana goye ya kasa faɗin sunanta ya raɗa mata Hafsi. Malamar firamare ce, ta ajiye aiki ta dawo jinyar ubanta, don uwarsu ta daɗe da rasuwa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta kai shi ɗaki. Ɗakin tsaf, ba wari ba ƙuda, zanin gado a goge. Ezekiel kuwa ya zama rabin mutumin da ya sani. Bakin ya karkace, hannun dama na kwance kamar ba nasa ba. Da ya ga Ɗahiru sai ya buɗe baki, abin da ya fito bai wuce "ba, ba" ba.

Hephzibah ta ɗaga murya ta zayyana masa yadda suke yi. Safe da yamma tana dafa ruwa ta gasa masa hannun da tawul, sannan ƙaninta Wilfred ya kama hannun ya ɗaga sama sau ashirin. Matan coci sun ce haka ake yi, maƙwabta ma sun ce haka. Ɓarin da ya mutu ba ya jin komai, sai an tashe shi da zafi da ja. In za a ɗaga shi a zaunar, ta wannan hannun suke kamawa, don kada su wahalar da mai lafiyar. Abin da ke damunsu ɗaya ne, hannun hagun ba ya zama wuri ɗaya. Da an fara gashi sai ya dinga dukan katakon gado. Fasto ya ce wataƙila waƙar yabo yake kaɗawa a zuciyarsa, nas kuma ta ce irin wannan ciwo yana kawo rashin natsuwa.

Suna cikin haka Wilfred ya shigo da roba tana tururi. Saurayi ne ƙaƙƙarfa, yana aiki a wani kamfanin robobi a Kudenda. Ya gaisa, ya naɗe hannun riga, ya ɗauki wani ƙyalle ya nufi hannun hagun ubansa zai ɗaure shi a jikin gado, yana cewa in ba haka ba sai ya ture ruwan.

Kafin ya ɗaure, Hephzibah ta ɗora tawul a kafaɗar dama. Gumi ya keto wa Ezekiel a goshi. Hannun hagun ya miƙe, ya sari katakon gado da gefen tafi sau biyu, ya dunƙule, ya murɗa kamar mai kashe makunni. Ya sake. Ya kuma sakewa, idonsa a kan Ɗahiru.

Ɗahiru ya gane alamar nan take. Ya miƙe tsaye.

"Ku ajiye tawul ɗin nan. Cewa yake a tsai da inji."

Suka dube shi, suka dubi juna. Ya yi musu bayani a hankali. A ɗakin saƙa ba a magana da baki, da hannu ake yi. Sara biyu da murɗawa, wannan ita ce alamar da kowa ya fara koya ranar da aka ɗauke shi aiki, domin ita ake yi in inji ya kama rigar mutum ko yatsansa. Duk wanda ya gan ta, ko foman ne, sai ya yi tsalle ya kashe wuta kafin ya tambayi dalili.

Wilfred ya yi 'yar dariya, ya juya ya ce wa 'yar'uwarsa wani abu ƙasa-ƙasa. Ya manta wanda ya yi rabin rayuwarsa a masaƙa yana karanta leɓe.

"Na gani, Wilfred. Ka ce kurma ne zai ji muku bebe. To, ni da ubanka mun shekara ashirin da shida muna hira, har gulma mun yi, ba wanda ya ji muryar wani."

Wilfred ya sunkuyar da kai. Amma Hephzibah fuskarta ta canza. Ta ce cikin ladabi, ta gode da zuwan Baba, sai dai ita ce ke kwana da tashi da mara lafiyar nan wata biyu, ta san numfashinsa, ta san tarinsa. Da yana jin ciwo da ta sani. Ruwa kuma yana hucewa.

Ɗahiru ya gane inda abin ya tsaya. In ta yarda da maganarsa, ta yarda kenan cewa safe da yamma, kwana sittin, da hannunta take gana wa ubanta azaba. Ba ƙaramin abu ba ne a ce wa mutum ya haɗiye wannan a tsaye. Bai yi gardama ba. Ya roƙi alfarma ɗaya, a bar gashin na yau saboda baƙuntarsa. Ta yarda da ƙyar. Ya tambayi ranar da nas ke zuwa, aka ce gobe Alhamis da hantsi.

Washegari tun kafin rana ta yi zafi yana gidan. Ya tarar an riga an yi gashin safe. Ezekiel na kwance ido a rufe, numfashi sama-sama, alamar ƙyalle a wuyan hannunsa na hagu. Ɗahiru ya matsa kusa. Ya jawo kujera ya zauna a gaban gadon, ya ba ƙofa baya, ya taɓa gwiwar abokinsa. Da Ezekiel ya buɗe ido sai Ɗahiru ya ɗaga masa haɓa ya juya tafin hannu sama, wato yaya aiki. Ezekiel ya daɗe yana kallonsa. Can ya haɗa babban yatsa da manuni, ya raba su: zare ya tsinke. Ɗahiru ya gyaɗa kai. Hawaye ya gangaro ta idon hagu, na daman ko motsi bai yi ba.

Sista Vicky ta iso da jakarta. Tana cikin ma'aikatan da asibiti ke turawa gidajen waɗanda aka sallama su ƙarasa kwanakinsu a gida. Mace ce mai fara'a da sauri, gidaje tara take zagawa a ranar. Ta auna jini, ta fito da wani kati mai zanen fuskoki, daga mai murmushi zuwa mai kuka, ta ce Baba ya nuna wadda ta yi kama da yadda yake ji. Ezekiel ya dubi katin kamar an nuna masa takardar Sinanci, ya kau da kai. Ta ce haka yake yi kullum. Ta zaro biro za ta rubuta abin da ta saba rubutawa.

A daidai nan hannun hagun ya tashi, babban yatsa ya dungure goshi sau ɗaya, ya koma ya lafe a kan bargo. Ɗahiru bai waiwaya ba.

"Shigo mana, Hafsi, me kika tsaya yi a bakin ƙofa?"

Hephzibah ta tsaya cak da kofi a hannu. Babu takalmi a ƙafarta, mai kunne ma ba zai ji shigowarta ba. Ta zagayo gabansa ta tambaye shi yadda ya sani.

"Ubanki ya gaya mini. Ya ce a yi hankali, ga foman nan."

Sista Vicky ta tuntsire da dariya har ta dafa bango. Ɓarin bakin Ezekiel mai rai ya ɗan ɗaga sama. Hephzibah ba ta yi dariya ba, kallon bakin ubanta kawai take yi, don rabonta da ganin wannan tun kafin damina ta sauka.

Nas ɗin ta mai da biro aljihu. Ta ce ita ba ta yarda da abin da aka yi sau ɗaya ba. Ta fitar da 'ya'yan biyu tsakar gida, ta ce wa Ɗahiru kada ya waiwaya, ta yafito ɗaya daga cikinsu. Ezekiel ya ɗaga ƙaramin yatsa ya sosa ƙeya da shi.

"Wilfred ne," in ji Ɗahiru. "Ɗan koyo. Wanda ya fi tsinka zare fiye da saƙa shi."

Sau huɗu ta gwada, tana sauya su, har ita kanta ta fita ta dawo. Ita alamar mai gyaran inji ya yi mata. Ko sau ɗaya ba a kuskure ba. Sai ta durƙusa a gefen gadon, murya ta sauka, ta ce wa Ɗahiru ya tambaye shi ko akwai inda ke masa ciwo.

Babu alamar ciwo a maganar masaƙa, don ba a zo can a yi jinya ba. Ɗahiru ya yi tunani, ya tambaya yadda mai gyara ke tambaya: ya zana da'ira a iska ya buɗe tafi, wane inji ne ya lalace? Hannun hagun ya tashi da ƙyar, ya ƙetare ƙirji, ya sauka a kan kafaɗar dama. Ya taɓa ta, ya fizge yatsun ya yarfe su kamar wanda ya taɓa garwashi.

Ɗahiru ya ce wannan ita ce alamar boris, ƙarfen da ke juyawa a gaɓar inji, ya yi zafi, ya kusa kamawa da wuta.

Sista Vicky ta yaye rigar. Fatar kafaɗar ta yi duhu ta saluɓe a wurare biyu saboda ruwan zafi. Ta lalubi gaɓar a hankali, yatsunta biyu suka nutse a tsakanin ƙashin kafaɗa da na damtse. Ta kira su duka su gani. Ta ce hannun motsi ya rasa, ba ji ba. Naman da ke riƙe gaɓar ya saki, kowane ja da aka yi sai ya ƙara zare ƙashin daga mazauninsa. Ba ta ɗora wa kowa laifi ba, nata ta fara faɗa: sau bakwai ta rubuta a takarda cewa mara lafiya ba ya nuna alamar ciwo, alhali yana ta nunawa a gabanta.

Hephzibah ta ajiye kofin ta fita. Ɗahiru ya ba ta ɗan lokaci, sannan ya bi ta. Ya same ta a bayan ɗakin girki, ta kifar da tukunyar ruwan yamma a kwata, tana tsaye ta toshe baki da zani, kafaɗunta na rawa. Shi ba mutumin rarrashi ba ne, bai kuma ga amfaninsa a nan ba.

"Hafsi, abin da ya wuce kin yi shi ne da ƙauna, shi ma ya sani. Amma kukan nan ba zai rage masa zafi ba. Kwanakinsa kaɗan ne. Ke malama ce, share fuskarki ki zo ki zama ɗaliba."

Ta share, ta biyo shi.

Kafin azahar Sista Vicky ta yi waya da likita, aka rubuta maganin zafi mai ƙarfi na ruwa, ana ɗiga masa a baki duk bayan awa huɗu. Ta nuna musu yadda za a tallafe hannun da matashi, da yadda mutum biyu za su juya shi da zanin gado ba tare da an kama masa hannu ba. Ƙyallen ɗaurin nan Wilfred da kansa ya jefa shi a murhu. Da la'asar Ezekiel ya yi barci, barci na gaske, baki a sake, goshi ba tamoji. Hephzibah ta zauna tana kallonsa kamar mai gadin jariri.

Daga ranar Ɗahiru ya riƙa rufe rumfa da hantsi ya zo. Wilfred ya yage kwalin taliya, Ɗahiru na yin alama shi yana zanawa, Hephzibah na rubuta ma'ana a ƙasa da kyakkyawan rubutunta na allo. Suka manna a bango. Alamu goma sha bakwai suka samu. Ba duka suka rage a kan Ezekiel ba, ciwon ya cinye wasu, wasu kuma yakan rikita su in ya gaji. Amma waɗanda suka rage sun isa. Babban yatsa a leɓe, lokacin hutu ya yi, a kawo kunun gyaɗa mai kauri, cokali uku ko huɗu. Tafi a kife yana lilo, inji na tafiya daidai, ba ciwo. Yarfe yatsu, a duba agogo a kawo magani. Ranar da matan coci suka zo da wani man zafi suna cewa a murza masa, Hephzibah ta dubi ubanta. Ya sari katako sau biyu. Ta ce sun ji da kansu, mai jiki ya ce a'a.

Sunan foman kuwa ya bi Hephzibah. Har Wilfred ya ɗauka, in ta aike shi sai ya dungure goshi da babban yatsa, ta kai masa duka da mafici, tsohon na kallonsu da rabin murmushinsa.

Kwana ashirin da ɗaya aka yi haka. Ranar Juma'a, da yake sai bayan salla yake zuwa, Ɗahiru ya dawo daga masallaci kenan, ya tarar da Wilfred a bakin rumfarsa da Keke a tsaye. Ya ce jikin Baba ya sauya tun safe, ya daina karɓar kunu, Sista ta zo ta ce a kira na kira. Amma ba wannan ya kawo shi ba. Baba na ta yin wata alama da babu ita a kwali. Sun tambaye shi ciwo, ya ce babu. Sun ba shi ruwa, ya ƙi. Ya ƙi kuma runtsawa, sai maimaitawa yake yi har hannun na karkarwa.

Suka tarar da Hephzibah a durƙushe a gaban gadon, ta dubi kwali ta dubi ubanta. Numfashin ya zama mai tsayawa yana dawowa. Ɗahiru ya tsaya daga ƙafar gadon. Hannun ya tashi, ya kakkaɓe ƙirjin riga sau biyu, ya share iska daga wannan bango zuwa wancan, ta kan Wilfred da hoton marigayiya uwarsu, sannan ya miƙa tafi a buɗe.

Ɗahiru ya gane ta. Da gangan ya bar wannan alamar bai sa a kwali ba.

Ya ce musu in an busa jiniyar tashi, masaƙi ba ya barin layinsa haka kawai. Sai ya kakkaɓe audugar jikinsa, ya nuna wa mai karɓarsa injunan duka, cewa ga su nan lafiya, ya miƙa masa. Kuma ba ya ɗaga ƙafa sai an amsa masa, ko da za a kulle ƙofa da shi a ciki. Ezekiel bai taɓa tafiya ba a amsa masa ba.

Hephzibah ta ce to Baba Ɗahiru ya amsa masa mana, ya huta.

"Ba ni yake miƙa wa ba. Dubi inda tafin yake kallo."

Tafin na kallonta. Ɗahiru ya nuna mata amsar: a dafa ƙirji sau biyu, na karɓa. Sannan a nuna ƙofa da babban yatsa, tafi gida.

Ta dafa ƙirji sau biyu. Hannunta ya tsaya a nan, ya ƙi gaba. Ezekiel na kallonta, tafinsa na rawa a iska.

"Hafsi, rabin amsa kika ba shi. Ya gaji da tsayuwa."

Ta ja numfashi, ta dubi ubanta ido cikin ido, ta ɗaga babban yatsa ta nuna ƙofa. Hannun ya sauka a hankali a kan bargo, ya kife, ya yi ɗan lilo sau ɗaya. Ya rufe ido.

Ya cika washegari da hantsi, ana yayyafi, Hephzibah na karanta masa Zabura, Wilfred na riƙe da hannun hagun. Ba gumi, ba murɗe-murɗe. Sista Vicky da ta zo ta dube shi ta ce ta rufe idanu da yawa a aikin nan, ba kasafai take ganin goshi a shimfiɗe haka ba. Ta nemi izini ta ɗauki hoton kwalin da wayarta, ta ce akwai tsofaffin masaƙa biyu a Narayi da take zuwa wurinsu, su ma hannayensu ba sa zama wuri ɗaya.

A zaman makoki Ɗahiru na kan benci tare da Abdulmalik da sauran tsofaffin masaƙa, kowa na gaisawa da hannu don ba mai jin wani. Daga inda yake yana hango leɓen wata dattijuwa da ta riƙe Hephzibah tana jajanta mata, tana cewa abin tausayi, bawan Allah ya tafi ko kalma ɗaya bai bar wa 'ya'yansa ba.

Hephzibah ta gyara ɗaurin ɗankwalinta.

"Mama, wa ya gaya miki? Kwana ashirin yana ba mu umarni a gidan nan. Ya faɗi inda ke masa ciwo, ya zaɓi abin da zai sha, ya yi sallama. Har suna ya sa mini."

Ta waiwayo wajen bencin tsofaffin. Su shida, ba wanda ya ce wa wani komai, suka ɗaga manyan yatsu suka dungure goshi.